Inda Kuka Ya Tsaya

Mutane in sun tashi ba da labarin hirar kakanninsu sai ka ga fuska ta cika da murmushi, murya ta yi laushi. Ni ma ina son in yi haka, amma na tsufa da yin ƙarya. Daɗin yana nan, ban musa ba. Sai dai duk lokacin da na tuna ɗakin Iya da wutar karan dawa, kafin daɗin ya iso bakina ɓacin rai ya riga shi, kuma yau shekara arba'in da ɗoriya ke nan abin bai huce ba.

Garinmu ƙarami ne, tafiyar hantsi daga Maska. Yana da 'yar ganuwarsa da ƙofa ɗaya tak, wadda ake rufewa da faɗuwar rana saboda maharan Maraɗi. Gidanmu gidan maƙera ake ce masa, ko da yake tun kafin a haife ni wutar maƙerar ta mutu, kowa ya koma noma. Abin da ke riƙe da gidan fadama ce da ke gabas da gari, a bakin rafi. Nan muke da rake da gwaza, da rani a yi albasa, gefe guda kuma ga baba da ake kai wa marinan Maska. Shekarar da ruwa ya yi gardama, wasu su ci tafasa, mu mu ci gwaza. Duk wanda ya tashi a gidan ya san wannan fadamar ce tukunyarmu.

Iya ita ce mahaifiyar babana. Sunanta aka sa mini, shi ya sa ba mai kiran sunana na yanka a gidan, kowa Uwani yake cewa, ita kuwa takwara take ce mini. Gajera ce, baƙa, haƙoranta biyu suka rage kuma ba sa shiri da juna, ɗaya sama ɗaya ƙasa. Ga faɗa. Ko kaza ta shiga ɗakinta sai ta ji tarihin uwarta. Amma da zarar an ci tuwo an yi sallar lisha a lokacin ɗari, sai mu jikoki mu duru a ɗakin nan nata, mu kewaye wuta, ita tana gefe da mazarinta da ɗan allin da take shafa wa yatsa. Tana kaɗi tana ba mu tatsuniyar kura da biri, tana tsayawa a tsakiya ta zagi wanda ya miƙe ƙafa cikin audugarta. In ka yi gyangyaɗi, ƙulli ne a tsakar ka. Duk da haka ba wanda ke yarda a riga shi shiga.

Akwai daren da ba na tatsuniya ba. Mun san shi tun kafin ta buɗe baki, don ranar sai ta ajiye mazari, ta goge hannu a zane, ta gyara zama.

"Wagga ba ga-ta-nan ba ce," in ji ta. "Ba a amsa mata, ba a dariya a kanta. Wanda ke jin barci ya tashi tun yanzu ya ba ni wuri."

Waƙa ce. Ita a wurin uwar mijinta ta karɓa, waccan ma a wurin tata, haka har inda ba mai iya ƙirgawa, tun kafin jihadi, tun lokacin da sarakunan da ba a ƙara ambatar sunansu suke mulkin ƙasar nan. Ba ganga, ba tafi. Muryarta ce kawai, siririya, tana rawa a farko kafin ta kama hanya. Takan rera baiti biyu ta tsaya ta warware mana da magana, sannan ta ci gaba.

Ga abin da ke ciki. A wancan zamani mahara sun zo daga kudu da dawakai, mazan gari suka ga abin ya fi ƙarfinsu suka watse ta bayan ganuwa. Mutum ɗaya ya tsaya a ƙofa, Ɓaidu maƙeri, kakan kakanninmu. Ya yanka baƙin zakara a kan uwar maƙera kamar yadda mutanen da suke yi, ya ɗauki gudumarsa ya tare ƙofar, tun safe har mata da yara suka gama ficewa suka hau dutse.

*Ɓaidu na ƙofa, ƙarfe ba ya gudu,*
*Jinin baƙin zakara na kan maƙera,*
*Maza sun watse, guduma ta tsaya,*
*Wanda ya ƙera mashi, mashi ya ci shi.*

Da sarki ya dawo da mutanensa aka kori maharan, sai aka tarar da gawar Ɓaidu a bakin ƙofa. Ya bar mata ɗaya, Gwamma, da ɗa a goye. Sarki ya aika mata da riguna, ta mayar. Ya aika da doki, ta ce maraya ba ya cin doki. Aka tambaye ta me take so, ba ta amsa ba, kuka kawai take yi, kwana uku garin bai runtsa ba. Sarki ya gaji, ya ce ta fita ta ƙofar da mijinta ya tsare, ta miƙe gabas da ɗanta a baya, duk inda kukanta ya tsaya, daga ƙofa zuwa nan na ɗanta ne da zuriyarsa har abada.

A nan Iya takan taɓe baki. "Fadawa suka yi ta murna a ciki," in ji ta. "Sun ɗauka kukan mace bai wuce jifa guda ba."

Gwamma ta fita tana kuka. Ta wuce faƙon da ke bakin ƙofa, ta wuce babbar kukar nan da muke tsinkar ganyenta muna miya, ta haye tudu, ta gangara fadama, fadawa na biye da ita suna haɗiyar yawu. Sai da ta kai bakin rafi ɗan da ke bayanta ya nemi ruwa. Ta durƙusa ta ɗebo da tafin hannu ta ba shi, ta wanke fuskarta, kuka ya tsaya.

*Gwamma tahi, Gwamma matar ƙarfe,*
*Ki bi gabas da ɗanki a baya,*
*Inda kuka ya tsaya nan ne iyaka,*
*Kowa ya matsa ta, ƙasa ta ci shi.*

"Da ja'irin yaron bai ji ƙishi ba," Iya takan ce, "da yau har Danja gonarmu ce." Nan kaɗai take yarda mu yi dariya.

Tana da doka ɗaya a kan waƙar: ba a kai ta dandali. Ta ce waƙa in ta fita waje kamar tuwon suna take zama, kowa sai ya tsoma hannu. Na ji dokar da kunnena sau ba adadi. Amma a lokacin shekarata tara, ina da murya, kuma na san ina da ita. In ana gaɗa da farin wata ni ke ba da waƙa sauran su amsa. Wata rana waƙoƙina suka ƙare, wata yarinya ta yi mini gorin cewa kullum abu ɗaya nake maimaitawa, sai na ɗauko ta Gwamma na saki a tsakiyar dandali. Har manya suka leƙo. Na koma gida ƙafata ba ta taɓa ƙasa, ban gaya wa kowa ba.

A wannan shekarar ne aka yi mana sabon maigari. Ba ɗan gari ba ne, yana da wani a gidan hakimi ne aka turo shi bayan tsohon ya rasu. Tun damina ta farko idonsa ya sauka a kan rakenmu. Yana da maroƙi, Jatau, dogo mai fara'a, irin mutumin da zai gaishe ka har ka ji kunyar ƙin sa. Ranar kasuwa ina zaune da zaren Iya a faifai sai ga shi ya tsuguna a gabana.

"Ke ce ɗiyar gidan maƙera mai muryar nan? Kai, Allah ya yi baiwa. Ɗan rera mini wurin Gwamman nan in ji."

Wa zai ce wa yarinya tana da murya ta ƙi rerawa? Na rera. Ya lumshe ido yana kaɗa kai, da na kai wurin iyaka sai ya ɗaga hannu.

"A'a, ɗiyata, nan kin yi tuntuɓe. Kuka ai itace ce. Kin taɓa jin an ce kuka ya yi ganye? Kuka *ta* tsaya ake cewa. Ga ta can bayan ƙofa, kowa na ganinta."

Na ce Iya *ya* take cewa.

Ya yi dariya a hankali. "Iya tsohuwa ce, Allah ya ƙara mata lafiya. Bakin da ba haƙori, *ta* da *ya* duk ɗaya suke fita. Ke da ke da haƙora sai ki gyara mata." Ya rera mini wurin da kansa, ya sa na maimaita, ya zaro nakiya daga aljihu ya ba ni.

Kasuwa uku yana zuwa, kasuwa uku ina cin nakiya. Kada ku ce ban san labarin ba, na san shi sarai, na san Gwamma kuka take yi. Amma kan yaro ba ya haɗa abu biyu in an sa masa zaƙi a tsakani. Ni abin da na ɗauka shi ne babban maroƙi ya zaɓe ni ya koya mini yadda ake waƙa ta gaskiya, kuma yanzu na fi Iya iyawa. Har tausayinta nake ji. Ku dubi wannan mutum, da gemunsa da 'ya'yansa a gida, ya zauna ya auna yarinya 'yar shekara tara kamar mai auna akuya a kasuwa. Ya daɗe da mutuwa, kuma har yau in an ambaci sunansa ba na cewa Allah ya jiƙansa.

Bayan an yi girbi maigari ya fito da maitarsa a fili. Ya ce fadamar ta sarauta ce, gidan maƙera aro suka yi, iyakarsu kukar bayan ƙofa. Tsakanin ƙofa da kukar nan kuwa ba komai sai faƙo da tsakuwa, ko ƙaya da ƙyar take fitowa. Babana ya ƙi, magana ta kai gidan hakimi, aka ce jakada zai zo ya saurara. Ba mai takarda a kan gona a garinmu. Shaidar dattawa ce, da waƙar.

Daren da jakada ya sauka, ina kwance a ɗakin Iya na ji babana ya shigo. Ta ce masa gobe ita za ta je ta rera da bakinta.

"Iya, ki yi haƙuri," in ji shi. "Akwai zakara a waƙar nan."

"To, mi zakara ya yi maka?"

"In jakada ya ji ana yanka a kan maƙera, cewa zai yi har yau muna tsafi. Kin san abin da ake wa gidan da aka ce ba Musulmi ba ne. Gona za mu nema, mu rasa ɗiyanmu?"

"Ina salla na haife ka, Tanko. Uwata da tasbaha a hannu ta cika. Zakaran da aka yanka tun ba a haifi kakan jakada ba, shi ne zai cinye mu yau? Ɓaidu ya tare dawakai shi kaɗai, kai ba ka iya tare bakin mutum guda?"

"Dattawa sun sani, Iya. Za su faɗa. Ba sai kin fita ba."

"Dattawa," in ji ta, ta yi tsaki. Da safe babana ya sa ƙannensa biyu suka zauna a zaure don kada ta fita.

An yi zaman a ƙofar gidan maigari. Jakada na kan buzu, dattawa sun jeru, mu yara muna leƙe daga bayan danga. Babana ya faɗi nasa, maigari ya faɗi nasa. Jakada ya ce ya ji akwai waƙa, ina mai ita? Babana ya ce tsohuwa ce, ba ta jin daɗi. Sai Jatau ya miƙe.

"Ranka ya daɗe, ba sai an wahalar da tsohuwa ba. Ga jikarta nan, takwararta, a ɗakinta take kwana. Duk abin da ke bakin tsohuwa yana bakinta. Yaro kuwa bai san ƙarya ba."

Ya zo ya kama hannuna ya kai ni tsakiyar fili. Na ga fuskar babana ta canza, amma na ɗauka mamaki yake yi. Wallahi a raina cewa nake yau ni zan ceci fadamarmu. Jatau ya raɗa mini in fara daga wurin Gwamma. Na gyara tsayuwa, na ɗaga murya yadda ban taɓa ɗagawa ba, na rera tsaf yadda ya koya mini.

*Inda kuka ta tsaya nan ne iyaka.*

Na gama ina jiran a yaba. Jakada ya juya wurin dattawa ya ce, "Haka waƙar take?" Kowa ya sunkuyar da kai. Wani yana wasa da tsinke a ƙasa, wani yana gyara rawani. Audi ɗan Sarkin Noma, wanda shi ya wakilci ubansa ranar, kuma abokin babana ne tun suna yara, ya ɗan gyaɗa kai.

Babana ya ce, "Ranka ya daɗe, yarinya ce, ba haka..."

Jatau ya tare shi da fara'a. "To ai da sauƙi. A kira Iya ta rera mana daga farko. Tun daga wurin zakara."

Babana ya rufe bakinsa. Jakada ya ce tunda masu waƙa da bakinsu sun ce kuka ce iyaka, kuka ce iyaka. Aka shafa fatiha, aka tashi. Raken da babana ya dasa da hannunsa, bayin maigari ne suka sare shi.

Tun a hanya babana ya kwaɗa mini marin da har yau kunnena na hagu bai dawo daidai ba. Iya ce ta fizge ni daga hannunsa ta shigar da ni ɗakinta. Da dare ta kori sauran jikoki, ta hura wuta, ta zaunar da ni a gabanta.

"Rera mini yadda kika rera."

Na rera ina sheshsheƙa.

"Kin ji muryarki ta faɗo a ƙarshe? Kukar miya ce ke faɗowa haka. Kukan ido sama yake tsayawa. Saurara." Ta faɗi kalmar sau biyu, ɗaya da ɗaya, kuma da bakin nan nata mara haƙori bambancin ya fito fes, ko kurma zai ji. "Wa ya koya miki?"

Na faɗa.

"Mi ya ba ki?"

"Nakiya."

"Ta yi daɗi?"

Na ce ta yi.

"To madalla. Ko ba komi, mutum guda a gidan ga ya ɗanɗani fadamar kafin ta tahi."

Ba ta doke ni ba. Da ta doke ni da ya fi mini sauƙi. Ta ɗauki mazarinta ta ci gaba da kaɗi, kuma daga wannan dare ba ta ƙara rera waƙar Gwamma ba. Tatsuniya takan yi mana jefi-jefi in mun dame ta, amma ba ta sake ajiye mazari ta gyara zama ba. Babana kuwa in ya zo gaishe ta da safe sai ta amsa da "lafiya" guda ɗaya ta juya masa ƙeya, haka har ta rasu bayan shekara uku.

Damina ta biyu bayan shari'ar, ruwa ya ɗauke tun dawa ba ta yi kai ba. Mu da ba mu taɓa sanin yunwa ba muka san ta. Muna kallon gwazar fadamarmu ana shigo da ita gidan maigari a kan jakuna. Ƙannen babana suka kwashi iyalansu suka yi ƙasar Zazzau, ba su dawo ba. Ƙanena Gambo, wanda ake yaye a lokacin, bai ga girbi na gaba ba. Ni na riƙe shi a cinyata ranar da ya cika, kuma ba wanda ya buƙaci ya gaya mini laifin wa ne. A gari ma an taimaka mini da tuni. Yara suka sa mini suna Uwani-mai-ta. Mata a bakin rijiya in na wuce sai a ce, "Baki shi ke yanka wuya." Ban ƙara shiga gaɗa ba. Na yi aure, na haihu, na aurar, ko waƙar raino ban yi wa 'ya'yana ba, da jijjiga kawai nake sa su barci.

Masu cewa ramin ƙarya ƙurarre ne ba su zo garinmu ba. Maigari ya ci fadamar har ya mutu da ƙoshinsa, 'ya'yansa suka gada. Waƙar ma ta koma bakin maroƙan gidansa, da *ta* ɗinta, an cire zakara, an cire Ɓaidu, an sa wani kakan maigari da bai taɓa taka garin ba a bakin ƙofa. Ƙasa ba ta ci kowa ba.

Shekara huɗu da suka wuce kukar ta faɗi. Kuka in ta faɗi ba ta barin kututture kamar sauran itatuwa, ruɓewa take ta zama ɓawo da zare, damina biyu sai ka rasa inda take. Sai rigima ta tashi tsakanin 'ya'yan wana, waɗanda ke fama da faƙon da aka bar mana, da jikokin maigari, kowa na nuna wurin da ya ce nan take. Aka ce a nemo tsofaffin da suka san ta. Aka aiko mini. Na ɗauki sandata na je, ina jin kunyar da na saba ji duk lokacin da na bi ta ƙofar nan.

Na tarar da Audi, wanda yanzu shi ne Sarkin Noma, ya tsufa tukuf, yana zaune a inuwar ganuwa ana jiran sauran mutane. Muka gaisa, muka yi ta'aziyyar waɗanda suka riga mu. Sai ya dube ni ya yi 'yar dariya.

"Uwani-mai-ta. Kin tuna ranar nan? Kai, yarinta. Ai duk mun san *ya* ne."

Na ce, "Mi ka ce, Sarkin Noma?"

"Wa bai sani ba? Duk bikin gidan maƙera uwayenmu na zuwa su ji ana rera ta. Da kika faɗi *ta* har wani na kusa da ni ya taɓa ni. Shi kansa jakada ai ya gane, Bahaushe ne fa. To amma wa zai ja da maigari a kan gonar da ba tasa ba? Faɗan da ya fi ƙarfinka sai ka mai da shi wasa." Ya ɓare goro ya miƙo mini rabi.

Ban karɓa ba. Na tsaya ina kallonsa, shi kuwa ya jefa goron a baki yana tauna. Da aka taru aka ce in nuna inda kukar take, sai na ce ban sani ba, su tambayi Sarkin Noma, shi da ya san komai. Na juyo gida. Ban san inda suka kafa dutsensu ba, ban kuma tambaya ba.

Shekara arba'in ina ɗauka darasin waƙar Gwamma shi ne yaro ya kiyayi bakinsa, ya ji maganar manya. Haka na gaya wa 'ya'yana, haka na gaya wa kaina duk daren da fuskar Gambo ta hana ni barci. Ashe a filin nan ba wanda ya ruɗe sai ni. Maza fiye da ashirin, masu gemu, masu salla a sahun gaba, kowannensu ya ji kalmar ta faɗo inda bai kamata ta faɗo ba, kowannensu ya san ƙarya ce, suka duba suka ga akwai yarinya a tsaye da za a iya jibga wa kayan, suka yi shiru. Sannan suka koma gida suka bar matansu da 'ya'yansu suna yi mini suna. Babana ma, Allah ya sani ina tausayin tsoronsa, amma ya san wanda ya kamata ya mara ranar nan, kuma ba ni ba ce.

Iya kaɗai ta gane tun daren farko, na yi imani da haka yanzu. Shi ya sa ba ta doke ni ba, shi ya sa ɗanta ta juya wa ƙeya. Waƙar kuma ba don ni ta daina ba. Ta ga garin da aka rera wa labarin mutum guda da ya tare ƙofa shekara da shekaru, ranar da aka nemi mutum guda ya buɗe baki kawai, ba a samu ba.

Audi ya rasu bara. Kafin ya cika ya aiko jikansa wai in na riƙe shi da wani abu in yafe masa, don ya ji an ce tun ranar da muka haɗu a inuwar ganuwa ban ƙara gaishe shi ba. Malamin unguwarmu ma ya zo har ɗakina ya yi mini nasiha, ya ce Allah na son mai yafiya, kuma ni ma ƙafata ɗaya na kabari. Na saurare shi har ya gama, don gaskiya ya faɗa. Na ce masa, Malam, na yi yafiya, kuma ba ƙaramar wahala na sha ba kafin in iya. Akwai wata yarinya 'yar shekara tara da na hana wa sakat tun tana ƙarama har ta yi furfura, ita na yafe wa. Sauran kuwa su jira ni, ina nan tafe, a can za mu rera ta daga farko a gaban wanda ba a yi masa shiru.